Cikamakon Aikatau: Sharhi kan Ma'aunin Nahawun Ingilishi ta Fuskar Hausar Arewa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi sharhi a kan wani ma'auni da ya daɗe ana aiki da shi a azuzuwan nahawu, wato yadda masana Ingilishi suka karkasa abubuwan da kan biyo bayan aikatau su cika ma'anarsa, waɗanda a Hausance ake kira cikamako. Ma'aunin ya yi wa harshen da aka gina shi dominsa aiki mai kyau, kuma ba mu da ja a kan wannan. Tambayar da ke gabanmu ita ce, idan aka ɗauko shi aka aza wa Hausa, me yakan kama, me kuma yakan kuɓuce masa?

Za mu kafa hujja da Hausar Arewa. Arewar da muke nufi ita ce ƙasar Arawa da ke cikin Dallol Mawri, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Dogondutsi da Tibiri a jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, inda garuruwa irin su Matankari da Lugu da Bagaji da Kore Mairuwa da Dumega suke, kuma ta miƙa har Kangiwa ta jihar Kebbi a Nijeriya. Karin harshen wannan yanki yana cikin rukunin Hausar yamma, kuma Claude Gouffé ya yi rubutu a kan nahawun Hausar Dogondutsi tun 1968-69. Dalilin zaɓensa shi ne, akwai bambance-bambancen da rubutun daidaitacciyar Hausa kan ɓoye, amma bakin Ba'are yakan fito da su fili. Misalan da za a gani namu ne, kuma mun rubuta su bisa daidaitacciyar ƙa'ida, in ban da kalmar da ake magana a kanta.

2.0 Ma'aunin da ake magana a kansa

2.1 A shekarar 1972 ne Randolph Quirk da Sidney Greenbaum da Geoffrey Leech da Jan Svartvik suka fitar da littafinsu A Grammar of Contemporary English, sa'an nan suka faɗaɗa shi a 1985. A tsarinsu, jimlar Ingilishi tana da sigogi 7, gwargwadon abin da aikatau ya buƙata a bayansa: (a) aikatau kaɗai, (b) aikatau da karɓau, (c) aikatau da cikamakon aikau, (d) aikatau da bayanau na tilas, (e) aikatau da karɓau biyu, (f) aikatau da karɓau da cikamakon karɓau, (g) aikatau da karɓau da bayanau na tilas. Mai karatu zai lura cewa duk sigogin nan sun dogara a kan abu biyu: lalle ne a sami aikatau a kowace jimla, kuma gurbin da kalma ta zauna shi ne babban mai nuna aikinta.

2.2 Game da ganga, wato ƙaramar jimlar da kan zama cikamako, aikin da ya yi tasiri shi ne na Peter Rosenbaum na 1967, wanda aka gina a kan nazarin Chomsky. Shi ya kasa gangunan Ingilishi bisa alamar da ke gabatar da su: masu that, da masu for da to, da masu ɗafin -ing. A nan ma, ido yana kan ƴar kalmar da ke bakin ganga ne.

2.3 Ya kamata a sani cewa ko masu Ingilishin ba su haɗu a kan ma'anar kalmar ba. Su Quirk sun ware karɓau daban da cikamako, amma Huddleston da Pullum (2002) sun sa karɓau cikin ire-iren cikamako. Nahawun Faransanci na makaranta shi ma yana kiran karɓau da sunan cikamako, sa'an nan abin da su Quirk suka kira cikamakon aikau ya ba shi wani suna daban. Ɗalibin da ke Dogondutsi, wanda ya fara da Faransanci a firamare ya kuma haɗu da Ingilishi a ajin farko na sakandare, kalma ɗaya yake ji da ma'ana biyu. A wannan maƙala mun ɗauki ma'ana mai faɗi: cikamako shi ne duk abin da aikatau ya nema domin maganar ta tsaya da ƙafarta.

3.0 Inda ma'aunin ya dace

Adalci shi ne a fara da abin da ya yi daidai. Siga ta (f) ta zauna wa Hausa sosai:

(1) a. An naɗa shi sarki.
b. Sun mai da gonar makiyaya.

A (1a), shi karɓau ne, sarki kuwa yana bayyana matsayin da karɓau ya hau. Haka siga ta (c) ta dace da aikatau zama, kamar a Audu ya zama malami. Shaidar cewa malami ba karɓau ba ne ita ce, ana iya cewa ya gan ta, amma ba a cewa ya zama ta. Har wa yau, rarrabewar da suka yi tsakanin bayanau na tilas da na ganin dama tana da amfani: ya sa hatsi cikin rumbu ba ɗaya ba ne da ya yi barci cikin rumbu, domin a jimla ta biyu ana iya cire cikin rumbu maganar ta tsaya cif. Daga nan kuma sai hanya ta rabu.

4.0 Inda ma'aunin ya gaza

4.1 Jimla marar aikatau

Mafi yawan misalan cikamakon aikau a Ingilishi da aikatau be ake gina su. Wannan ya sa wanda ya saba da ma'aunin, in ya ga Audu malami ne, sai ya shiga neman aikatau, ya kuma ɗora wa ne wannan suna. Amma ne da ce dirka ce. Ba ta ɗaukar zagin aikatau, wato ba a cewa ya ne ko za ta ce da wannan ma'ana. Tana bin jinsi da adadin suna. Karin sautinta kishiyar na gaɓar da ta gabace ta ne. Kuma a ƙarshe take zuwa. A Hausar Arewa, kamar sauran Hausar yamma, sigarta na da ta ce:

(2) a. Audu malami na.
b. Hadiza malama ta.

Duk wanda ya dubi (2) zai ga kamar da ke tsakanin dirka da na da ta na mallaka, waɗanda su ma jinsi suke nunawa. Babu wani aikatau na Hausa da ke canza baƙinsa saboda jinsin aikau. Tun da babu aikatau, kiran malami cikamakon aikatau ba shi da tushe. Almajirin zaure da ya karanta Ajuruma ya fi kusa da gane wannan jimla, domin nahawun Larabci ya san jimlar suna mai mubtada'i da habari, wadda ba ta buƙatar fi'ili.

4.2 Aikatau mai sanar da abin da ke tafe

Aikatau na Ingilishi ba ya canza siga saboda abin da ya biyo bayansa. Na Hausa kuwa yakan canza, kuma wannan shi ne ginshiƙin tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, inda ya kasa aikatau zuwa giredi 7, kowanne da sigoginsa gwargwadon muhalli. A dubi aikatau na giredi na 2:

(3) a. Hatsi ya saya. (babu karɓau a baya)
b. Ya saye shi. (wakilin suna)
c. Ya sayi hatsi. (suna)
d. Ya saya wa Audu hatsi. (kaikaitaccen karɓau)

Wasalin ƙarshe, a ko e ko i, shi ke gaya wa mai sauraro irin cikamakon da ke tafe tun kafin ya ji shi. Ma'aunin su Quirk zai zuba (3b) da (3c) a siga ɗaya, ya ce aikatau da karɓau ne, ya wuce. Ta haka ya bar abin da ya fi komai muhimmanci ga mai nazarin Hausa, wato cewa harshen da kansa ya tanadi hanyar gwada karɓau a jikin aikatau.

4.3 Wurin da aka nufa

Amfanin wannan gwaji yakan fito a jimloli irin ya koma Matankari. A Ingilishi sai an sa to kafin sunan gari, saboda haka ba a rikita shi da karɓau. A Hausa sunan wuri yana bin aikatau kai tsaye, kuma wanda ya dogara da gurbi kaɗai zai ce Matankari karɓau ne. Sai a juya jimlar zuwa lokaci mai ci:

(4) a. Yana kawowa. / Yana kawo hatsi.
b. Yana komawa. / Yana komawa Matankari.
c. Yana sayen hatsi. / Yana zuwa kasuwa.

A (4a) ɗafin -wa ya faɗi da zuwan karɓau, amma a (4b) ya tsaya daram gaban sunan wuri. A (4c) kuma an sami mahaɗin -n gaban karɓau, ba a same shi gaban kasuwa ba. Bugu da ƙari, in za a maye gurbin Matankari, da can za a maye shi. Hujjoji uku ke nan, kuma duka daga cikin Hausa suka fito.

4.4 Kaikaitaccen karɓau

Ingilishi yana da hanya biyu: ko a sa wanda aka yi wa abu kusa da aikatau ba tare da alama ba, ko a kai shi ƙarshe da to ko for. A Hausa ƙa'idar ita ce ya biyo aikatau nan take, da alamarsa, kafin karɓau na kai tsaye. Daidaitacciyar Hausa tana da wa gaban suna, da ma- gaban wakilin suna. Hausar Arewa kuwa ma take sawa a duka muhallan:

(5) a. Daidaitacciya: Ya kai wa Audu goro. / Ya kai mana goro.
b. Arewa: Ya kai ma Audu goro. / Ya kai muna goro.

Ba a nan kaɗai bambancin Hausa da Ingilishi ya tsaya ba. Idan aka gabatar da sunan domin ƙarfafawa, alamar takan zauna manne da aikatau: Audu ne ya kai wa goro. Sa'an nan aikatau na giredi na 2 yakan bar sigarsa ya ari wata a wannan muhalli, shi ya sa ake jin ya nema masa da ya nemam masa. Wato dangantakar wa ko ma da aikatau ta fi dangantakarta da suna ƙarfi. Kiran ta takwarar to ya ɓoye wannan. Ainihin siga ta (e), mai karɓau biyu ba alama, a ƴan aikatau kaɗan ake samunta, kamar ba da biya: na ba Audu goro, na biya shi kuɗinsa.

4.5 Ganga a matsayin cikamako

A nan ne aron ya fi yin ɓarna, a nan ne kuma Hausar Arewa ta fi ba da haske. Wanda ya bi Rosenbaum zai nemi takwarar that, ya sami cewa, ya ɗauka ya gama. Amma cewa sunan aiki ne daga ce, kuma har yanzu asalinta bai sake ta ba: Bahaushe yakan ce na ji cewa ya zo, amma yana ƙyamar ya ce cewa. Yawancin lokaci ma ana iya barinta ba tare da ma'ana ta taɓu ba. Akwai kuma wai, wadda ke nuna mai magana ya tsame hannunsa daga gaskiyar zancen, da ko ta tambaya, da da ta irin ya umarce su da su zauna.

Abin da ke rarrabe gangunan Hausa na haƙiƙa shi ne zagin aikatau da ke cikinsu, wato lokacin da aka gina su a kai:

(6) a. Na ce sun taho.
b. Na ce su taho.
(7) a. Na sa su sun yi aikin.
b. Na sa su su yi aikin.

(6a) labari ne, (6b) umurni. A (7a) aikin ya tabbata, a (7b) kuwa an dai ba da umurni, ba a ce an yi ba. Babu wata kalma a bakin gangar da ta kawo wannan bambanci; tsakanin sun na shuɗaɗɗen lokaci da su na umurtau yake.

To, sai a mai da (6) zuwa tilo namiji a daidaitaccen rubutu. Abin da za a samu shi ne Na ce ya taho, jimla ɗaya mai fuska biyu. A baki akwai bambanci, domin ya ta labari doguwa ce mai karin sama, ta umurni kuwa gajeruwa ce mai karin ƙasa, amma rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Ga yadda Ba'are zai faɗa:

(8) a. Na ce ya taho. (labari)
b. Na ce shi taho. (umurni)
c. Na san wanda yat taho. (dogarau)

Abin da daidaitaccen rubutu ya haɗe a ya guda ɗaya, Hausar Arewa ta raba shi uku: ya, da shi, da ya mai ninka baƙin da ke biye. Haka a jam'i ake jin sunka da anka a gurbin suka da aka. Gaskiya ne ka da ta na umurtau suna nan da fuska biyu a rubuce ko a wannan karin harshe. Duk da haka (8) ta isa ta nuna wa ɗalibi, da idonsa, cewa gangunan nan iri-iri ne, kuma a zagin aikatau ake gane su.

Akwai kuma aikatan da ba sa karɓar ganga mai zagi sam, sai sunan aiki ko yankin aiki marar zagi: ya fara noma, ya daina shan taba, ya riƙa kawo hatsi. Wasu suna karɓar duka biyu: ya ƙi zuwa, ya ƙi ya zo. Riga kuwa ganga mai lokaci irin nata take so: sun riga sun taho. Wannan rabo bai yi daidai da rabon to da -ing na Ingilishi ba, kuma duk jadawalin da ya jera su kafaɗa da kafaɗa zai ɓatar da mai koyo.

5.0 Gyara ga tsarin Parsons

Kada a ɗauka tsarin Parsons ya tsira daga suka. Paul Newman ya yi masa gyara tun 1973, inda ya kawo ra'ayin cewa sigar da ke zuwa gaban suna ita ce ta asali. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, muhallan nan huɗu da aka gani a (3) ba su ware wa ganga gurbi ba. Ga abin da ke faruwa:

(9) a. Na sani. / Na san Audu. / Na san ya taho.
b. Na gani. / Na ga Audu. / Na ga ya taho.
c. Ya nema. / Ya nemi Audu. / Ya nemi ya ga sarki.
d. Na bari. / Na bar Audu. / Kada ka bari ya taho.

A (9a-c) aikatau ya ɗauki gangar tamkar suna, ya sa sigar da yakan sa gaban karɓau. A (9d) kuwa bari ya tsaya a sigarsa ta rashin karɓau, ko da yake ganga na biye. Ma'ana, a idon sani da gani da nema ganga karɓau ce, a idon bari kuwa ba karɓau ba ce. Ma'aunin Ingilishi ba shi da hanyar ganin wannan, tsarin Parsons kuma yana da hanyar amma bai tanadi gurbin ajiye sakamakon ba. Shawararmu ita ce, a ƙamus da littattafan makaranta a riƙa nuna muhalli na biyar ga kowane aikatau mai karɓar ganga: wace siga yake ɗauka, kuma wane lokaci yake so a cikin gangar. Manyan littattafan nahawu na Newman (2000) da Jaggar (2001) sun yi bayani mai yawa a kan ganga cikamako, haka kundin Lawan Ɗanladi Yalwa na 1995, sai dai da Ingilishi aka rubuta su, kuma daidaitacciyar Hausa ce tushensu. Irin cikakken aikin da Bernard Caron ya yi wa Hausar Adar a 1991 shi ne ya kamata a yi wa ta Arewa.

6.0 Abin da wannan ke nufi ga malami

Wani zai ce wannan gardamar masana ce kawai. Ba haka ba ne. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan za a ƙara rubuta littattafan nahawun Hausa domin yara, kuma duk ma'aunin da aka zuba a cikinsu shi yaro zai ɗauka a matsayin gaskiyar harshensa. Idan aka koya wa yaron Tibiri cewa ne aikatau ne, aka kuma soke masa shi taho da jan alƙalami ba tare da an gaya masa abin da take nunawa ba, an raba shi da hujjar da ke bakinsa, an ba shi wadda ba ta aiki. Zanen aro ba ya rufe katara. Daidai ne a koya masa rubuta ya taho, amma a fara da nuna masa cewa ya ɗin nan ita ce shi tasa.

Malamin Ingilishi ma yana da riba a nan. Hausa tana cewa ina so ya zo, da cikakkiyar ganga mai zaginta. Faransanci ma ganga yake kawowa a je veux qu'il vienne. Ingilishi kuwa cewa yake I want him to come, inda mai zuwan ya ɗauki sigar karɓau. Harsuna biyu ke nan suke jan ɗalibi zuwa ga kuskuren I want that he comes. Malamin da ya san tushen kuskuren zai gyara shi da bayani ɗaya. Haka mai fassara a gidan rediyo, in ya gane cewa ba kowace that ko que ce ke buƙatar cewa ba, Hausarsa za ta yi sauƙi a kunne.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa ma'aunin su Quirk ya dace da Hausa a cikamakon karɓau da aikatau zama da bayanau na tilas, amma ya gaza a jimla marar aikatau, da sunan wuri, da kaikaitaccen karɓau, da ganga. Dalilin gazawar guda ne: Ingilishi yana nuna cikamako da gurbi da ƴan kalmomin gabatarwa, Hausa kuwa tana nuna shi a wasalin ƙarshen aikatau, da ɗafin -wa, da mahaɗi, da zagin aikatau na cikin ganga. Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, a gina babin cikamako a littattafan Hausa a kan gwaje-gwajen da aka nuna a (3) da (4) da (9). Na biyu, a daidaita ma'anar kalmar cikamako tsakanin malaman Hausa da na Faransanci da na Ingilishi, domin ɗalibi ɗaya suke koyarwa. Na uku, ɗaliban sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai su ɗauki maganganun mutanen Matankari da Lugu da Tibiri a faifai, su jera kowane aikatau da irin cikamakon da yake karɓa, domin a sami abin da za a kwatanta da Hausar Kano da ta Adar.